To Wa Ya Ga Tsakuwar, Taubashi?

Taubashi, ajiye kwalbar nan tukuna. A'a, ba a aljihu ba, a ƙasa, inda idona zai riƙa kai mata. Na san halinka. Ina juya baya za ka ƙwala wa uwar yaro kira ta kawo cokali.

Labari ai ya iso ni. An ce ranar Lahadi ka baro Kalmalo da sassafe, ka shiga kasuwar Illela sayen igiyar akuya, ka dawo da maganin tsakuwar ƙoda. 'Yar kwalba ce ruwan ƙasa, tsawon babban yatsa, an manna mata takarda mai hoton ƙoda biyu jajaye, Larabci a sama, Faransanci a ƙasa, lambar NAFDAC kuwa ko da fitila ba ka ganinta. Mai ita na tsaye a bayan mota da lasifika, murya ta dushe don kirari: basir, sanyi, shawara, daji, tsakuwa ta manya da ta yara, ɗigo bakwai a ruwan ɗumi safe da yamma. Ya buɗe murfi ya kai maka hanci. Na'a-na'a da kanumfari suka doke ka har ƙeya, idonka ya kawo ruwa, ka ce lallai wannan magani da ƙarfi yake. Ka biya ba ko tayi. Kai da kan kashe rabin yini kana ja-in-ja a kan buhun albasa! An rufe iyakar nan da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, shinkafa ta yi wuya, man fetur ya yi wuya, amma 'yar kwalbar nan ko rana ɗaya ba ta yi fashin kasuwa ba.

Ka ce, "Wanga mi yas sani ga magani?" Madalla. Ni ban zo da allura ba, tambaya ɗaya tak na zo da ita. Tsakuwar da kake shirin narkarwa, wa ya gan ta?

Ka ce yaro na kuka in zai yi fitsari, har da jini a ƙarshe, me ya rage? Komai ma ya rage. Ɗan Kalmalo da ke fitsarin jini a ɗigon ƙarshe, abin da ake fara tuhuma tsargiya ce. Ka ce tafkin Kalmalo ai ya ja da baya tun da aka datse ruwan Maggiya a ɓangaren Nijar, ina yaro zai ga ruwan da zai ɗauko ta? Ka faɗi gaskiya a kan tafki, har sai da Najeriya da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwan a Maiduguri a 1990. Amma katantanwar da ke goyon tsutsar tsargiya ba ta halarci taron ba. Kududdufin damina ya ishe ta, ramin ban-ruwa a fadama ya ishe ta, kuma ɗanka da ka rantse yana makarantar allo, je ka duba inda yake da azahar a watan Satumba. In tsargiya ce, ƙwayar da ake raba wa 'yan firamare gwargwadon tsayinsu ita ce maganinta. In aka bar ta shekaru tana cin bangon mafitsara, likitocin Sakkwato sun daɗe suna ganin inda take ƙarewa, wato dajin mafitsara. In kuma ciwon sanyi ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, nasu maganin daban. Cuta uku masu kama da juna ke nan, kai kuma ka riga ka yanke hukunci da hanci.

To mu ɗauka ka ci sa'a, tsakuwar ce. A ina take zaune? Ka ce a ƙoda mana, ba ga hoto a kwalba ba? Allah ya ba mu haƙuri da kai. Tsaya ka kalli yaron da kyau in ya tsuguna. Fitsari ya taho, sai ya yanke tsaf. Yaro ya yi nishi, ya miƙe, ya sake tsugunawa, ya karkata gefe ɗaya, ya kai hannu yana jan gabansa yana ihu. Da ya ɗan canja zama sai fitsarin ya dawo a ɗigo. Uwar ta buge hannun, ta ce ya koyi rashin kunya. Ba rashin kunya ba ce, Inna, tsakuwa ce a mafitsara take gangarowa ta toshe ƙofa, zafin kuma a kan kaciya yake jin sa. Irin wannan tsakuwa a yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 sananniya ce a ƙasashe masu zafi da hatsi ya fi yawa a tukunya, tun daga Sudan da Masar har Pakistan, Indiya da Tailan, mu ma nan bakin Sahara muna cikin layi. Yadda take samuwa ba asiri ba ne. A yaye yaro a ɗora shi kan koko zalla, ba nono ba ƙwai, gudawa ta zo ta tsotse shi, zafin Afrilu ya wuce 40 a ma'auni, fitsari ya yi kauri ya yi kaɗan, gishirin da ke cikinsa ya fara daskarewa. Yau ƙwayar gero, baɗi ƙwan zabo.

Ka ce wannan ciwon baƙar fata ne? Ina! Asibitin Norwich a Ingila, a ƙarni na 18 da na 19, ya yi suna wajen ciro tsakuwa daga mafitsarar 'ya'yan talakawa, har yau tarin duwatsun na nan an adana. Da abincin yaransu ya gyaru, madara ta wadata, sai ciwon ya ɓace musu. Ba a ji an ce wani mai lasifika ne ya bi su ƙauye-ƙauye da kwalba ba.

Yanzu mu zo kan man naka. Ka ce mai ne, mai kuwa yana laushin komai. To ga gwaji, ba sai ka je jami'a ba. Ɗebi man gyaɗa ludayi guda ka zuba a kan dutsen niƙan gidanku, ka bar shi ya kwana. Kai, ba shi mako. In ka dawo ka tarar ya zama kunu, ni da kaina zan saya maka kwalba goma in bi ka da guɗa. Mafi yawan tsakuwar ƙoda kalsiyam ne da okzalet suka haɗu suka sandare, kuma irin wannan babu abin sha da aka sani yana narkar da ita. Akwai wata iri, ta yurik asid, da likita kan iya narkarwa ta hanyar rage tsamin fitsari da magani a aune, sai dai kafin nan dole a san ita ce.

Ka ce to ba narkarwa ba, santsi yake sa wa, ta zame ta fito. Ta wace hanya, taubashi? Abin da aka haɗiya ciki yake zuwa, ya wuce hanji, a narkar da shi, jini ya ɗauka, hanta ta sarrafa, ƙoda ta tace abin da ya saura. Babu bututun da ya taso daga maƙogwaro ya zarce mafitsara. In da mai na isa can a matsayinsa na mai, da duk wanda ya ci ƙosai da safe ka ga maiƙo na yawo a fitsarinsa.

Na ga ka murmusa. Na san makamin da ka ɓoye. Ka ce maƙwabcinka ya sha man zaitun rabin kofi da lemun tsami, gari na wayewa ya ga duwatsu kore-kore sun fito, da idonsa ya gani. Na yarda ya gani. Ta ina suka fito? Faɗi mana, ba yara a nan. Ta bayan gida! Tsakuwar ƙoda ta bar hanyar fitsari ta tsallaka hanji, ko fasfo ba ta nuna ba? A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga labarin wata mata a Niyuzilan da ta yi irin wannan haɗin don tsakuwar matsarmama, ta kwaso nata koren duwatsun ta kai asibiti. Aka auna. Sabulu ne. Man da ruwan lemun ne suka haɗu da ruwan hanji suka dunƙule. Tsakuwarta ta gaskiya na nan zaune daram, sai da aka yi mata aiki. Ka gaishe min da maƙwabcin naka, ka ce masa ya buɗe masana'anta.

Ka ce, "To ai Turawa ma sun yi shi, ɗiyana da ke karatu Sakkwato ya gwada man a waya." Kash! Wa ya kai ka nan? Shi ke nan, tunda ka tono, sai in faɗa. E, akwai wani magani sunansa Rowatinex, ana yin sa a Jamus da Ayalan shekaru da dama ke nan. Sinadarai shida ne irin waɗanda ake samu a man itatuwa masu ƙamshi, aka auna su aka zuba cikin man zaitun aka ƙulle a kafso. Masu shi suna cewa yana sassauta bututun fitsari, tsakuwa ƙarama ta samu hanya. A Hangari an gwada shi kan mutum 222, aka buga sakamakon a 2011. Kusan kashi 68 cikin 100 na waɗanda suka sha sun rabu da ɓarɓashin tsakuwa, waɗanda aka ba kafson bogi kuwa kashi 50. Kafin ka tashi rawa, ji sauran. Duk manya ne. Duk an ɗauki hotonsu an ga tsakuwar. Kuma duk sai da aka fara farfasa musu ita da na'ura, kafson shara kawai ya taya. A yara fa? Wani likitan yara a Bagadaza, Aamir al-Mosawi, ya ba da rahoto a 2005 kan yara 'yan ƙalilan, yatsun hannunka sun isa ƙirga su, kuma babu wani rukuni da aka bari ba magani don a kwatanta. Shi da kansa a kan takardar tasa cewa ya yi mai yiwuwa ne. Mai lasifikar Illela bai taɓa furta "mai yiwuwa" ba tun da uwarsa ta haife shi.

Ka lura da rabin nan da suka warke da kafson bogi? Nan cinikin mai mai yake. Tsakuwar da ba ta wuce milimita 4 ko 5 ba, sau da yawa da kanta take fita in ana shan ruwa. Yaro ya sha ɗigo bakwai a kofin ruwan ɗumi safe da yamma, ruwan ya yi aiki, kwalba ta karɓi yabo. Wanda tasa ta kai santimita guda ta maƙale, shi ba a kawo shi bayan mota ya ba da shaida. Yana gida, fitsari na taruwa a bayan tsakuwa, ƙoda na kumbura a hankali. Wani lokaci ma zafin ya lafa, gida a yi hamdala, alhali ƙodar ce ta gaji ta daina aiki.

Ka ce ko bai yi magani ba ai ba ya cutarwa, tunda daga itace yake. Zaƙami fa, a kanti ake ƙera shi? Man ƙamshin nan ba ɗaya yake da man gyaɗa ko na riɗi da ake matsewa ba. Turara ganye ake yi, a tara tururin, a tsamo ɗan abin da ya taso, ganye buhu-buhu ya koma 'yar kwalba. Ƙarfin da ya sa idonka ruwa, shi za ka ɗura wa ƙaramin yaro. Man itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ƙasa da cokalin shayi ya sha jefa yara cikin jijjiga da suma. Kafur haka. Man kanumfari cokali ɗaya ko biyu ya taɓa lalata hantar yara ƙanana. Man darbejiya, itacen da ke ƙofar gidan kowa a ƙasar Sakkwato, likitocin Indiya da Malesiya sun rubuta yadda ya sa jarirai amai da jijjiga har wasu suka rasu. Akwai wani da ake kira wintagirin, mai ƙamshin man zafi, cokalin shayi ɗaya nasa ya fi ƙwayar asfirin 20 ta manya. Su Robb da Aboniki da wasu ke narkawa a ruwan zafi su ba yaro, masu yin su sun rubuta a jiki cewa na shafawa ne, ba wanda ya ce a sha. Ga kuma ɗura. A danne yaro, a toshe hanci, a zuba. Yana kuka ya shaƙe, mai ya faɗa huhu, an baro ciwon mara an koma ciwon ƙirji. Duk wannan fa in an san abin da ke cikin kwalbar. Taka kuwa, shi kansa mai sayarwa sari ya yi.

Yauwa, ga shi ka gyara zama, za ka jawo min malamai. Ka ce maganin Musulunci ne, wuƙa kuwa ta Nasara ce. A hankali dai, kada ka yi wa magabata ƙage. Fasahar tatso man ƙamshi da tururi, malaman Musulmi na cikin waɗanda suka raine ta. Al-Kindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya bar littafi guda a kan haɗa turare da tace shi. Sun san man nan ciki da bai. Amma da aka zo kan tsakuwa, Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, a littafinsa at-Tasrif bayani ya yi dalla-dalla yadda ake tsagawa a ciro ta daga mafitsara, har ya ƙera wani siririn ƙarfe na huda tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi a makarantun likitancinsu. Shekara dubu ke nan. Az-Zahrawi na da turare a gari, ya ɗauki ƙarfe. Kai kana da na'urar hoto a Illela, ka ɗauki turare.

Ka ce kuɗi. To, nan kam na sauke murya, don ba abin zolaya ba ne. Mota zuwa Sakkwato, kimanin kilomita 85, da kati, da gwaji, da kwana a baranda, ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiran kuɗin albasa. Amma matakin farko bai kai nan ba. Gwajin fitsari ne da hoton ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A kwantar da yaro, a shafa masa wani abu mai sanyi a mara, ya yi 'yar dariya ko ya tsuke fuska, a goga na'ura. In tsakuwa na nan sai ka ga wani farin abu a allo da baƙar inuwa a bayansa, mai hoton ya danna ya gaya maka milimita nawa ce, ya leƙa ƙoda ya ga ko ta kumbura. Ba allura, ba yanka, ba a kai minti 20 ba. Haɗa kuɗin kwalba uku irin wadda ka saya, ka gaya min wanne ya fi. Daga nan ne ake sanin ta jira ce, ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda suke da cibiya ta musamman ta ƙoda da mafitsara. Masu dangi a tsallake kuma sun san hanyar asibitin Galmi, gabas da Ƙonni.

Ka ce tsoron wuƙa kake. Ba kowace tsakuwa ake tsagawa ba. Tun 1980 aka fara farfasa ta daga waje da na'ura a birnin Munik na Jamus, wata kuma ta hanyar fitsari ake zura siririn madubi a tarar da ita. Ta mafitsara in ta girma, 'yar tsaga ce a ƙasan cibiya, aikin da likitocin tiyata suka saba da shi. Abin da ya kamata ka ji tsoro daban ne: zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kwiɓi, amai ba tsayawa, ko yaro ya yini bai yi fitsari ba. In ka ga ɗaya daga ciki, ko tsakar dare ne a tayar da mai babur. Ƙoda a toshe ga ƙwayoyin cuta a ciki, kwana ɗaya ma yawa ne.

Ka ce to ni na hana mai, me na bayar? Ruwa. Kada ka harare ni, na san ba shi da lasifika. Yaro ya sha har fitsarinsa ya yi fari-fari, musamman da bazara, kuma wanda ke bin awaki daji a rataya masa gora. Jaririn da bai kai wata 6 ba shi nonon uwa ya ishe shi, kada a ce na ce a ba shi ruwan rijiya. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari tun da wuri. A rage gishiri da dunƙule a miya, don gishiri na jawo kalsiyam cikin fitsari. Lemun tsami a matsa a ruwan sha, wannan kam yana da ɗan amfani wajen hana sabuwa ƙulluwa. Kuma a sa wa kokon nan nono. Ka ce an ce mai tsakuwa ya guji madara? An faɗa maka ba daidai ba, yaron da aka hana nono shi ya fi shiga haɗari. Ga kasuwar shanu sukutum a Illela, ga 'yan Fulani da ƙwarya kullum a bakin hanya, a ce ɗan Kalmalo na shan koko tsirara! A ba shi wake, a ba shi ƙwai. Ka ce ƙwai na sa yaro sata? Kai da ba a ba ka ba kana ƙarami, wa ya kwashe mangwaron lambun Kawu?

In kuma an ciro ta, ko ta fito da kanta, kada ka ce an gama. Wani bincike a Amurka ya nuna kusan rabin yaran da suka yi tsakuwar ƙoda sun sake yin wata cikin shekara 3. Wasu ma gadonta suke yi, musamman inda auren zumunci ya yi yawa, kuma kada ka kalle ni, kakarmu ɗaya da kai. Shi ya sa likita ke son ganin tsakuwar kanta, a auna a san irinta, a san abin da za a kiyaye. Don haka in an ce ku jira ta fita, yaro ya riƙa fitsari a kan matacin shayi. Duk abin da ya tsaya, ko bai fi ƙwayar yashi ba, a ɗauraye, a ƙulle a leda, a kai asibiti. Ba a binne ta a bayan ɗaki, ba a kai wa mai lasifika ya ɗaga a kasuwa ya ce aikinsa ne.

Ka ce matacin shayi ɗaya ne a gidan, kuma na uwargida ne? To sayi wani ranar Lahadi. Wannan karon ka yi tayi.